Mai Keke Ba Ta Nuna Rabin Ɗinki

Duk wadda ta taɓa kai ɗinki layin nan ta san dokar Mai Keke: ba a ganin riga a wurinta sai ta gama. Shagonta ɗan ɗaki ne a gaban gidanta, ƙofa ɗaya, taga ɗaya. Keken ɗinki na ƙafa yana ƙarƙashin tagar, teburin yanka a gefe, sai wani tsohon zanen gado ruwan toka da take lulluɓe duk aikin da ke hannunta da shi. In kika shigo kika ce, "Mai Keke, bari in ɗan leƙa in ga inda aka kai," za ta dube ki ta saman tabarau ta ce, "An kai inda aka kai." Ko da ke ce uwar amarya, ko da gobe ne bikin. Mata sun yi fushi sun gaji, sun yi da ita a bayan ido sun gaji, amma dai suna dawowa, don in ta miƙo miki riga a goge a ninke, ko zare ɗaya ba za ki samu yana reto ba.

A wurin gwaggonta ta koyi sana'ar. Tana 'yar budurwa, ɗoki ya sa ta nuna wa wata mata rigarta tun hannu ɗaya babu, ga zanen alli ko'ina. Matar ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, ta kira ƙawayenta su zo su ga rigar mai hannu ɗaya. Ranar ta ji kamar ta nutse, ranar kuma ta sha alwashin ba wanda zai sake ganin rabin aikinta. Abin ya zame mata jiki, har ya bi ta cikin gida. Ba a ɗanɗana mata girki yana kan wuta, ba ta soma magana sai ta san inda za ta dire ta. Mijinta kafinta ne, mutum mai barkwanci, shi kaɗai ke tsokanarta ya kwana lafiya. Yakan ce, "Ke wallahi ko atishawa za ki yi sai kin yi mata guga."

Ɗa ɗaya Allah ya bar musu, wanda kowa ke kira Dogo. Karatu ya kai shi wata ƙasa mai nisa, aiki ya riƙe shi, ya auri 'yar can. Lokacin da labari ya zo cewa matarsa na da ciki, kafinta ya riga ya soma ciwon da ya tafi da shi. Duk da haka ya riƙa lallaɓawa zuwa bayan gida, yau ya fere ƙafa ɗaya ya huta, gobe ya goge ɗaya ya huta, har ya haɗa wata 'yar kujera mai gajeren baya, ya sassaƙa ɗan tsuntsu a jikin majinginar. Ya shafa mata mai ta bushe, ya ce, "To, mai kujera kawai muke jira." Bai ga mai kujerar ba. Da aka haihu aka samu mace, Dogo ya sa mata sunan uwarsa, don haka tun daga ranar Mai Keke ba ta kiranta da komai sai Takwara.

Gidan ya yi mata girma bayan rasuwar. Ɗakuna uku, mutum ɗaya. Da rana ƙarar keke da hirar masu ɗinki suna rufa mata asiri, amma da ta rufe shago ta shiga ciki, sai ita da agogon bango. Takan dafa abincin mutum biyu bisa kuskure, ta miƙa wa Mai Shago, dattijon da ke sayar da sabulu da ashana a jikin katangarta. 'Yar kujerar tana kusurwar falo, takan share mata ƙura duk safiya.

Duk ƙarshen mako Dogo yana kira a waya ta yadda za a ga juna. Ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, sannan ya jawo yarinyar gaban wayar. Takwara ba ta jin komai sai Turanci, harshen uwarta. Kalma ɗaya aka koya mata, "Kaka," sai ta faɗe ta, ta ɗaga hannu, ta zille. Mai Keke takan zuba magana mai tsawo, a gaya wa yarinyar kaza da kaza, sai ta ji Dogo ya juya ya faɗi abu bai fi kalma uku ba.

"Dogo, duk maganar da na yi ita ce ka ƙulle a ɗan wannan?"

"Inna, ai na ba ta ma'anar."

"Ma'anar ka ba ta, maganar fa ina ka kai ta?"

Ya yi dariya, ita ma ta yi, amma abin yana cin ranta. Jika guda ɗaya tak a duniya, ga ta tana girma, kuma duk abin da zai wuce tsakaninsu sai ya bi ta almakashin Dogo. Akwai maganar da ba ta so a yanke mata: maganar kujerar. Ta hana Dogo faɗa wa yarinyar. Ta ce ita za ta faɗa da bakinta, ya ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Haka ta je ta shiga ajin koyon Turanci na manya da ake yi da yamma a makarantar yaran unguwa ta gaba. Ba ta gaya wa kowa ba, ko Mai Shago. Ya ga dai tana rufe shago da wuri ta fita da jaka, ya tambaya sau ɗaya, ta ce, "Inda za ni za ni," ya kama bakinsa. A ajin akwai direbobi biyu, da mai gadi, da wasu mata 'yan kasuwa, duk sun takure a bencin yara gwiwa na dukan tebur. Ita ce babba a cikinsu. Kafin ta zauna takan kashe wayarta, don ta tsani a katse mutum yana tsakiyar aiki.

Malamar ajin 'yar siririya ce mai saurin magana, sa'ar Dogo ko ƙasa da shi. Ba ta daɗe ba ta gane irin ɗalibar da Allah ya haɗa ta da ita. A rubutu babu kamar Mai Keke, layinta miƙe kamar kalmasa. A ji ma haka, kunnenta ya buɗe da wuri. Amma a ce ta buɗe baki, a nan ake yin ta. Direbobin nan suna ta kwaɓa Turanci yadda ya zo musu, ana dariya ana gyarawa, ita kuwa ta yi gum.

"Mama, ki faɗa ko ba daidai ba, ai don haka muka taru."

"'Yata, in ya nuna za ki ji."

"Mama, ba a koyon magana a ciki. Sai an yi ta ɓatawa."

"Ku ɓata naku. Ni ban saba ba."

Wata rana bayan an tashi, ta tsaya ta ba malamar labarin kujerar, ta tambaye ta yadda ake faɗinsa. Malamar tana haɗa littattafanta tana sauri, ta ce, "Kai, Mama, wannan ai babban darasi ne, yana can wajen ƙarshen littafi. Abin da ya faru kafin wani abin ya faru, yana da nasa tsarin. Za mu zo wurin." Ita malamar ko a jikinta, ta faɗa ta wuce. Ba ta san ta ba telar nan awo ba ne. Tun daga ranar Mai Keke ta yanke cewa Turancinta yana ƙarƙashin zanen gado har sai an kai wannan darasin. A waya ta ci gaba da murmushi tana ɗaga hannu, alhali ta soma tsintar abin da yarinyar ke faɗa.

Sai da aka ci shekara da wani abu kafin a kai wurin. Malama ta ja dogon layi a allo, ta yi alama biyu a kansa. Ta ce abu biyu ne duk sun wuce, amma ɗaya ya riga ɗaya, to wanda ya riga shi ake sa wa *had* a gaba. Ta rubuta misali, *When I came, she had gone*, ta ce ma'anarsa, da na zo ta riga ta tafi. Direbobi suka yi tsuru-tsuru. Mai Keke kuwa ta gyaɗa kai, don ta gane: shafi ne, shi ake fara ɗinkawa, yana ƙasa, rigar ta zo ta hau kansa. Inda ta sha wuya shi ne yadda kalmar aikin ke sake kama. Ka san ta da fuska ɗaya, a jiya ta sake wata, in *had* ta zo ta sake ta uku, kuma kowace da nata halin. Takan zauna a bakin keke tana taka feda tana bitarsu a zuci, tana tsaki. Ta ce wanda ya yanka harshen nan a karkace ya yanka shi.

Ana cikin makon farko na darasin Dogo ya kira. Ya samu hutu ba zato, zai zo da Takwara su yi 'yan kwanaki, matarsa aiki ya hana ta. Murna ta kama ta, tsoro ya biyo baya. Ta lissafa a ranta ta ga in ta dage, aikin zai kammala daidai ranar da za su koma. Ta ce shi ke nan, haka ake ba da ɗinki dama, ranar ƙarshe, a goge a ninke. Ta fito da wani yadi ruwan ganye da ta daɗe tana ɓoyo, ta yanka wa yarinyar riga da awon ido. Riga da magana za su fita rana ɗaya.

Suka iso. Takwara ba ta kai shekara goma ba, doguwa kamar ubanta, ga wushirya irin ta kafinta sak. Mai Keke ta rungume ta ta yi kuka, wannan bai buƙaci wani harshe ba. Dogo kullum yana yawon gaishe-gaishe da abokai, yarinyar kuwa ta maƙale a shago. Ita da kanta ta gano 'yar kujerar, ta jawo ta har gefen keke ta zauna, duk da ta yi mata kaɗan gwiwoyinta sun tashi sama. Mai Keke ta gan ta a kai, ta juya tana neman almakashin da ke hannunta.

Yarinyar akwai surutu. Tana yi tana nuni da hannu, don an gaya mata Kaka ba ta ji. Kaka kuwa tana ji, a nan ciwon yake. Ta ji ta tambaya me ya sa keken ba shi da wuta. Ta ji ta ce tsuntsun jikin kujerar ya yi kama da mai fushi. Ta ji ta ce, "Zan iya gwadawa?" Kowace tambaya sai Mai Keke ta ɗauko amsa a zuci, ta auna ta, ta juya ta, ta ga wata kalma ba ta zauna ba, ta warware ta sake. Kafin ta gama, yarinyar ta koma kan wata maganar. Sai murmushi kawai, da alewa da take ciro mata daga aljihun tebur.

Ana saura kwana biyu su tafi, ta fita ɗauko dutsen guga, ta dawo ta tarar yarinyar ta kama gefen zanen gado tana shirin ɗagawa. Ba ta san lokacin da ta daka tsawa ba.

"Kul! Sake shi!"

Ta riƙe mata hannu da ƙarfin da ba ta yi niyya ba. Takwara ta zare hannunta a hankali, ta mayar da kujerar falo, ba ta sake shigowa shago ba ranar. Da yamma suna cin abinci su uku, yarinyar ta ce wa ubanta da Turanci, a gabanta, cikin 'yar ƙaramar murya, "Kaka ba ta sona." Dogo ya ce ba haka ba ne, ba ta jin abin da take faɗa ne kawai. Yarinyar ta ce, "Ko kallona take yi sai in ga kamar tana tunanin wani abu daban."

Mai Keke ta ajiye lomar da ke hannunta. Amsar tana bakinta, cewa tana son ta, kalma uku ce kawai a Turanci, ta san su sarai. Amma in ta fara yanzu, da me za ta bi su? Za a ce ashe tana ji, a zuba mata ido, ta kama in-ina a gaban ɗanta da jikarta da rabin magana mai hannu ɗaya. Ta haɗiye. Ta ce a ranta saura kaɗan, gobe Malama za ta duba mata, jibi da safe kafin mota ta zo ta zaunar da yarinyar a kujerar ta ba ta komai cif. Ta tura mata naman da ke gabanta, yarinyar ba ta taɓa ba.

Washegari aka wuni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗan tsagaita ta leƙa rigar: saura maɓallai da kalmasar ƙasa, ga alli bai fita ba. Ta lulluɓe ta, ta ɗauki lema da jaka. Dogo yana barci, Takwara na kwance da waya a hannu. Ba ta ce da kowa komai ba, ta ja ƙofa.

Ta biya ta kasuwa ta zaɓi maɓallai farare masu ɗan ƙyalli, ta wuce makaranta, ta kashe waya. Saboda ruwan mutum uku ne kawai suka zo. Da aka tashi ta ce wa malamar ta zauna. Ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi, karo na farko ta buɗe baki da Turanci a ajin nan. Ta faɗi maganarta tun daga farko har ƙarshe: kafin a haife ki, kakanki ya riga ya yi miki wannan kujera, ya riga ya sassaƙa tsuntsun, ya riga ya zaɓa miki wurin zama kusa da ni. Malama ta riƙe baki.

"Mama! Dama haka kike? Ko ɗigon kuskure ban samu ba. Tun yaushe ya kamata a ce kina magana!"

"Yau ya nuna," in ji Mai Keke. Ta sa ta sake saurara har sau biyu, don a tabbata.

Ta dawo tana tsallake kwatami da sauri kamar yarinya. Tun daga bakin layi ta hango Mai Shago tsaye a ƙofarta da makulli a hannu.

"Mai Keke, ina kika shiga haka? An neme ki har an gode Allah."

"Lafiya?"

"Ruwan nan ya cinye gadar hanyar filin jirgi. Direban da zai ɗauke su gobe ya zo ya ce sai dai a zaga ta doguwar hanya, in ba a tashi yanzu ba jirgi zai bar su. Yaron nan ya buga wayarki ya fi a ƙirga. Ya je kasuwa, ya je gidan duk wadda kike wa ɗinki, har asibiti ya leƙa. Ya tambaye ni, na ce wallahi shekara guda kenan tana fita, ban san inda take zuwa ba. Sun jira har direban ya soma faɗa. Dogo ya bar mini makulli, yana hawaye ya shiga motar."

Ta karɓi makullin. Ta buɗe ƙofar. A shago ta ga zanen gadon a ƙasa, teburin wayam.

"Af, na manta," in ji Mai Shago daga bakin ƙofa. "'Yar ta ɗauki wata riga a nan. Uban ya ce ta ajiye ba a gama ba, ta ce ai tata ce, ta auna a jikinta ta gani. Ta saka ta a kan kayanta, baya a buɗe, ƙasa duk zare, ga alli. Ya yi ya yi ta cire ta ƙi. Ni dai ban ji abin da take cewa ba, amma ta yi ta juyi a gabana tana nuna mini. A haka ta shiga mota."

Mai Keke ta zauna a kan kujerar keke. Rigar da ba maɓalli, ba kalmasa, ba guga, ita jikarta ta saka ta ratsa layin nan kowa na gani, tana murna. Ta kunna waya ta kira Dogo. Ya ɗauka da faɗa da kuka a haɗe, ina ta je, me ya sa ta kashe waya. Ta ce za ta gaya masa, ya ba ta Takwara tukuna.

"Inna, ta yi barci. Ta yi kuka ta gaji. Me zan ce mata in ta tashi?"

"Bar shi," ta ce. "Ku sauka lafiya."

Ta shiga falo. Hasken yamma ya ɗan dawo bayan ruwan, ya faɗo a kan 'yar kujerar. Ta tsaya a gabanta ta faɗi maganar duka, kowace *had* a mazauninta, ko tuntuɓe babu. Ba ta taɓa jin kaɗaici irin na lokacin da ta kai ƙarshenta ba.

Sannan ta ɗauko wayar, ta nemo lambar Dogo da wurin da ake aika murya, ta danna. Abin da ta shekara tana gogewa ya watse. Da Turanci ta ce Takwara, Kaka ce. Ta ce kakanki, kujera, ya yi, ke ba a haife ki ba. *Had* ɗin ko ɗaya ba ta zo ba. Ta ce tsuntsun ba fushi yake ba. Ta ce na ji duk abin da kika ce, duka na ji. Kalmomi ukun nan da ta haɗiye jiya a kan abinci ta faɗe su, ta sake faɗa, ta rasa abin da zai biyo baya, ta ja hanci, ta saki.

Yatsanta ya tafi wurin sharewa da kansa. Ta dube shi, ta janye shi, ta aika ba tare da ta saurara ba.

Ba amsa, kuma ta san ba za a samu da wuri ba, hanyar da nisa. Ta koma shago ta ɗauke zanen gadon daga ƙasa, ta ninke shi ta sa a ƙarƙashin tebur. Ta ajiye wayar a kan keke inda za ta ji ta, ta zauna, ta kwance ƙullin maɓallan ta zuba su a tafin hannu.